Tambihi Ga Mai Neman Karsana Ruwa Biyu Don Ta Gaji Guzuma A Garke

Mas'alar da muka ɗauko yau ta dabbobi ce, kuma ta shafi aljihun duk wanda ya zuba jarinsa cikin shanu. Ga yadda take: idan saniya ta tsufa a garke, ko ta zama juya, wace irin karsana ta kamata a sa a gurbinta? Shin wadda aka haifa cikin garken, ko kuwa ruwa biyu da aka sayo daga wurin masu tatsar madara? Mutanen ƙasar Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila, sun shekara da shekaru suna jayayya bisa wannan, sun gwada, sun auna, sun rubuta. Tun da yake irin waɗannan karsanu sun fara shiga kasuwanninmu, ya kamata mu ji abin da suka gano kafin mu kwance bakin jaka.

Ka sani, ya ɗan'uwa, shanun Ailan kashi biyu ne. Kashi na fari na tatsa ne. Su ana raba saniya da ɗanta tun yana ɗan kwanaki, a shayar da shi a bokiti, madarar uwar kuwa a kai ta kamfani. Kashi na biyu shi ne garken shayarwa. Su ba a tatsarsu ko kaɗan, maraƙi ne ke bin uwarsa yana shan nono wata bakwai ko takwas, kana a yaye shi a sayar, ko a yi kiwonsa don mahauta. Mai irin wannan garke ba shi da abin sayarwa sai maraƙi. Saniyar da ta ba shi maraƙi mai nauyi kowace shekara ita ce dukiya, wadda ta tsallake shekara kuwa ta ci ciyawarsa a banza. Kuma a kowace shekara wajen saniya ɗaya cikin biyar ko shida takan fita daga garke, saboda tsufa, ko rashin ɗaukar ciki, ko lalacewar hantsa, ko mutuwa. Mai shanu 30 ke nan yana bukatar karsana 5 ko 6 duk shekara, har abada.

To, daga ina za su fito? Al'adar mutanen Ailan da na Ingila tun da daɗewa ita ce su nufi masu tatsa. Mai tatsa yana da shanun Firiziyan, masu roɗi-roɗin baƙi da fari, waɗanda asalinsu ƙasar Holan ne. Ba dukan 'ya'yansu yake so ya riƙe ba, saboda haka yakan sa wa waɗansu bijimin nama, kamar Harifod mai farar fuska, ko Angas baƙi marar ƙaho na ƙasar Sikotilan, ko Limuzin ja na Faransa. 'Ya mace da aka samu daga wannan barbara ita ce ruwa biyun da muke magana. Ta gaji nono wajen uwa, ta gaji tsoka wajen uba. Mai garken shayarwa ya saye ta, ya sa mata bijimi na uku, galibi Sharole ko Limuzin, ya sayar da dukan abin da ta haifa, mace da namiji.

Fa'idar wannan hanya a fili take, kuma ba mu musunta ta. Ta fari, nono. A watannin farko maraƙi ba ya girma sai da abin da ya sha, kuma babu abincin da za ka saya masa da ya kai nonon uwarsa araha. Hukumar binciken aikin gona ta Ailan, wadda ake kira Teagasc, tana da gonar gwajin shanun nama a Grange cikin lardin Meath. An gwada a can shekaru masu yawa, aka tarar saniyar da ubanta Limuzin ne uwarta Firiziyan ta fi tsantsar shanun nama nono, kuma ɗanta ya fi nauyi ranar yaye. Fa'ida ta biyu, ƙarfin gauraye. Masana dabbobi sun tabbatar idan aka haɗa iri biyu masu nisan dangantaka, 'ya'yan farko sukan zarce matsakaicin iyayensu wajen saurin ɗaukar ciki da ƙoshin lafiya da tsawon rai, kuma wannan ƙarfi ya fi cika a haɗin farko, yana raguwa a jikoki. Ta uku, ladabi. Karsanar da aka shayar a bokiti ta saba da hannun mutum, ba ta faɗa, ba ta tsallake shinge. Ta huɗu, sauƙin shiri: bijimi ɗaya ya isa, ba ka da damuwar kada uba ya hau 'yarsa. Saboda waɗannan dalilai, sa'ad da aka kafa gonar nuni ta Newford kusa da garin Athenry cikin 2015, da shanu wajen 100, irin waɗannan ruwa biyu aka zuba, 'ya'yan Angas da na Harifod daga garken tatsa.

Idan mai tambaya ya ce, to, ina abin jayayya? Sai mu ce, uwar da ke haifar ruwa biyun nan ta sāke. Firiziyan ta dā gajera ce, kakkaura, mai riƙe tsoka. Daga baya aka cika garkunan tatsa da jinin Holstin na Amurka da Kanada, wadda aka yi ta zaɓe don yawan madara kaɗai. Ita doguwa ce, ƙasusuwa a waje, abin da ta ci duk ya tafi hantsa, kuma shekarun da aka yi ana bin madara ido rufe sun rage mata saurin ɗaukar ciki. Waɗansu kuma suka kawo jinin Jasi, ƙaramar saniya mai nono mai maiƙo amma marar nama. Suna bai sāke ba, launi bai sāke ba, gama baƙin Angas da farar fuskar Harifod sukan rufe abin da ke ciki. Mutum ya ga baƙar karsana ya ce irin ta ubansa ce, alhali kuwa rabin jininta wani abu ne dabam.

Sa'an nan ga sha'anin kasuwa. Tun 1984 ƙasashen Turai suka ƙayyade yawan madarar da kowane manomi zai sayar. Cikin 2015 aka ɗage wannan ƙa'ida, sai garkunan tatsa na Ailan suka bunƙasa, har shanun tatsa suka zarce miliyan ɗaya da rabi, shanun shayarwa kuwa, waɗanda dā sun haura miliyan ɗaya, suka yi ƙasa da 900,000. Karsanu ruwa biyu suka yi yawa, suka yi araha. Amma a lura da niyyar wanda ya samar da su. Mai tatsa ba uwa yake shirya maka ba. Abin da yake nema ga bijimin nama shi ne saniyarsa ta haihu ba wahala, cikin ya yi gajarta, ta koma tatsa da wuri. Kuma shanunsa na ƙwarai yakan keɓe su don su haifa masa magada, waɗanda ya raina su yake ba bijimin nama. Yanzu da ake iya tace maniyyin bijimi don a sami 'ya'ya mata, wannan keɓewa ta ƙara tsanani. Wanda ya sayi ruwa biyu bai tambaya ba, sau da yawa 'yar saniyar da ubangijinta ya fid da rai gare ta ya saya. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Akwai kuma nauyin da ke bisa ita kanta saniyar. Mai yawan nono mai yawan ci ce. In abinci ya gaza, jikinta take narkawa ta shayar, ta rame, in ta rame kuwa ba ta neman bijimi da wuri. Lissafin a sarari yake: cikin saniya kwana 283 ne ko kusa da haka, shekara kwana 365, saura kwana 82 ke nan tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, in ana son maraƙi duk shekara. Saniyar da ta rame ba ta cika wannan wa'adi. Banda haka, hantsar irin waɗannan takan zube da wuri, kan nono ya yi kauri har jariri ya kāsa kamawa, ga kumburin hantsa. Ɗanta kuma rubu'in jininsa na shanun tatsa ne, saboda haka cinyarsa ba ta cika kamar ta tsantsar na nama, mahauta kuwa a can bisa cikar gawa suke biya. Ita ma ranar da ta tsufa aka kai ta yanka, kuɗinta bai kai na 'yar'uwarta ta nama ba.

Abu mafi hatsari shi ne cuta. Duk wanda ke sayen dabba daga waje kowace shekara ya buɗe ƙofar garkensa. Akwai wata cutar hanji mai sa zawo da rama wadda maraƙi ke ɗauka tun yana jariri, ta dakashi ko ta kashin shanu, ta kwanta a jikinsa shiru shekara biyu ko fiye kafin ta bayyana, kuma ba ta da magani. A garken tatsa, inda akan haɗa dakashin shanu da yawa a ba maruƙa, tana da hanyar yaɗuwa. Akwai wata kuma ta ƙwayar cuta mai sa ɓari, wadda maraƙin da ya kamu tun a ciki yake yaɗa ta iyakar ransa, har ta sa Ailan ta wajabta gwada kowane maraƙi da aka haifa tun daga 2013. Tarin fuka na shanu ma bai bar ƙasar ba. Karsana tana iya zuwa sumul, ta shigo da abin da zai ci garke.

Mutanen Ailan ba su bar hanyar ba saboda waɗannan aibobi, sai suka yi mata ma'auni. Suna da hukumar da ke riƙe da littafin asalin shanun ƙasar duka, ana ce mata ICBF, an kafa ta cikin 1998. Kowace dabba tana da lamba a kunne, an san uwarta, sau da yawa kuma an san ubanta. Akan ba karsana tauraro daga ɗaya zuwa biyar bisa abin da ake tsammani gare ta na nono da haihuwa da nauyin 'ya'ya da yawan ci. Shirin tallafi da gwamnatinsu ta fara cikin 2015 ya sharɗanta wa mai garke ya riƙa cike gurbi da masu tauraro huɗu ko biyar. Watau sun mai da mas'alar daga ganin ido zuwa sanin asali, kuma wannan shi ne darasin da ya fi kowane tsada.

Yanzu mu juyo gida, gama akwai dangantaka ta gaskiya. An daɗe ana haɗa Firiziyan da Bunaji a ƙasar nan, a Vom bisa tsaunin Jos, da Shika kusa da Zariya, inda aka kafa gonar dabbobi tun 1928, wadda ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1976. Yau kuma gonakin madara sun ƙaru kewaye da manyan garuruwa, ana ɗura wa shanu maniyyin bijimai na waje, abin da suka rage kuma yana gangarowa kara. Attajirin da ya tara 'yan shanu a bayan gari don su haihu ya sayar da maruƙa, shi ne dillali zai nuna wa wannan karsana ya ce 'yar Turai ce.

Amma a lura da bambanci. A Ailan iyayen biyu duka 'yan ƙasar sanyi ne da ciyawa kore, abin da ake aunawa nono ne da tsoka. A wurinmu rabin jinin baƙo ne. Firiziyan takan fara jin zafi tun ma'aunin zafi bai kai 30 ba, mu kuwa a bazara Kano da Sakkwato sukan haura 40. Bunaji da Bokoloji da Rahaji da Azawak sun gaji jure zafi da kaska da doguwar tafiya da yunwar rani. Kowane kashi na jinin waje da aka ƙara, an rage wani kashi na wannan juriya. Abin da aka yi ta gani a ƙasashe masu zafi shi ne haɗin farko, rabi da rabi, ya fi uwarsa ta gida nono nesa ba kusa ba, kuma yakan balaga da wuri; amma in jinin waje ya kai kashi uku cikin huɗu, sai dabba ta nemi hidimar da ƙaramin mai kiwo ba ya iyawa, kirci ya kama ta, kaska ta kayar da ita, sammore ya gama da ita inda akwai tsando.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne wannan. Karsana ruwa biyu ta haɗin farko abar saye ce ga wanda shanunsa ke zaune wuri ɗaya, yana da ruwa rani da damina, yana da inuwa, ya tanadi harawa da dusa da angurya tun kaka, yana wanke kaska a kan kari, kuma likitan dabbobi yana iya isa gare shi. Wanda shanunsa ke tafiya mashekari da rani, ko wanda ya damƙa su ga makiyayi ba ya ganinsu sai salla salla, ya bar ta, ya zaɓi magada daga 'ya'yan shanunsa masu nono, gama da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda kuma ya saye ta don shayarwa, ya sa mata bijimin gida na ƙwarai, Bokoloji ko Bunaji ko Azawak, ɗan ya fito da rubu'i kaɗai na jinin waje, ya sha nono mai yawa, ya kuma jure ƙasa. Kada kwaɗayi ya sa ya sāke ɗora mata Firiziyan. Kuma kada a juye garke duka a shekara ɗaya. A fara da biyu ko uku, a ga yadda za su ƙetare bazara biyu, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga kuma sharuɗɗan zaɓe, sun yi daidai ko a Meath ko a Wudil. Na fari, a san uwa da uba. In da hali a je gonar da aka haife ta a ga uwar da ido, a duba hantsarta, a tambayi haihuwarta nawa da tazarar da ke tsakani. Sayen karsana daga gona ɗaya sananniya ya fi tsintar ta a kasuwa, inda ta bi hannu uku kowa ya ƙara mata labari. Na biyu, a tambaya ko tagwaye aka haife ta tare da namiji, gama irin wannan, tara cikin goma ko fiye, juya ce ba ta haihuwa, kuma a ido ba ta da aibi. Na uku, a duba girma. Ƙa'idar mutanen Ailan ita ce a ba karsana bijimi tana wata 15, ta kai kashi 60 cikin 100 na nauyin da za ta yi in ta cika, ta haihu tana shekara biyu. A wurinmu watannin sukan ƙaru, amma ƙa'idar nauyi ba ta sākewa, kuma wadda ta tsumbure tana ƙarama ba ta cika zama uwa ta kirki ba. Na huɗu, faɗin ƙugu da lafiyar ƙafafu da kofato, da kan nono huɗu daidai, matsakaita. Na biyar, cikin fari a sa mata bijimin da 'ya'yansa ba su cika girma a ciki ba. Na shida, a sa likita ya gwada jininta, musamman saboda bakkale mai sa ɓari, wanda Ailan ta rabu da shi cikin 2009 amma mu yana nan tare da mu, yana kuma kama mutum ta ɗanyen nono. A keɓe ta wajen wata guda kafin ta gauraya da sauran, a yi mata allurar ciwon huhu da sauran rigakafi.

Saura magana ga masu sayarwa da dillalai, kuma malamai sun fi mu saninta. Shari'a ta hana a bar dabba kwanaki ba tatsa don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai nono ce, abin da malaman fiƙihu ke kira tasriya. Hukuncinta a mazhabar Maliku sananne ne: mai saye yana da zaɓi bayan ya tatsa ya gane, ko ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na abincin da ya rinjaya a garin. Illar hanin ita ce ruɗi, ruɗi kuwa ba a hantsa kaɗai yake ba. Wanda ya san karsana tagwayen namiji ce ya yi shiru, ko ya san uwarta ta yi ɓari sau biyu ya ɓoye, ko ya kira mai kashi uku cikin huɗu rabi da rabi, ya ɓoye aibi, kuma la'adar da ya karɓa bisa wannan ba ta da albarka. Muna roƙon sarakunan kara da shugabannin 'yan kasuwa su sa ya zama al'ada, duk karsana ruwa biyu ta zo da takarda daga gonar da ta fito, a rubuta ranar haihuwarta da irin ubanta da irin uwarta da allurar da aka yi mata, ko da boko ko da ajami. Ba sai an jira hukuma ba. Littafi da alƙalami sun isa a fara, mu kuwa ba baƙin rubutu ba ne.

Mai saye kuma ya riƙe littafinsa: ranar barbara, ranar haihuwa, nauyin maraƙi ko kimarsa ranar yaye, da abin da saniyar ta ci na kuɗi. Bayan shekara uku littafin zai gaya masa wadda ta biya shi da wadda ta ci shi, ko ruwa biyu ce ko 'yar gida, sa'an nan ya san inda zai nufa neman magajiya ta gaba.

Allah ya sa albarka a dukiya, ya tsare garke daga annoba, ya ba mu ciniki na gaskiya. Wassalam.